Yadda Ake Farfaɗo da Ƙasar Gareji da Baƙin Mai Ya Ɓata

Duk wanda ya taɓa kai mota gyara Magazin ta Suame ya san launin ƙasar wurin. Ƙasar Kumasi ja ce, amma a ƙarƙashin rumfar fita, wato makaniki, baƙa ce wuluk, ta daskare ta yi ɓawo, in ka zuba mata ruwa sai ya tsaya a kai ya yi ƙwalla-ƙwalla ya gangare, ba ta sha. Haka take a ƙananan garejin Asawase da Aboabo da Tafo, haka take a bayan gidajen da ake gyaran babur da aboboya, babur mai ƙafa uku na dakon kaya. Shekara da shekaru ana juyen mai, ana wanke kayan inji da dizal, abin da ya zuba ya zuba. Yawancinmu mun ɗauka ƙasar da ta kai wannan matsayi ta mutu ke nan, sai dai a kwashe a kai bola ko a shafe ta da siminti a huta.

Ba ta mutu ba. A cikin wannan baƙar ƙasar akwai ƙwayoyin halitta, bakteriya, waɗanda ido ba ya gani, kuma abincinsu shi ne man da ya dame mu. Masana sun san su da sunaye irin su Pseudomonas da Bacillus da Rhodococcus da Acinetobacter, tare da wasu nau'o'in fumfuna. A ƙasa mai tsabta ba su da yawa. Amma inda mai ya daɗe yana zuba, ƙwayoyin da ba sa jure masa sukan ragu, masu cinsa su hayayyafa su mamaye wurin. Shi ya sa mai bincike in yana neman irin waɗannan ƙwayoyi ba ya zuwa daji, gareji yake zuwa ya ɗebi ƙasa. Suna kama man da taimakon iskar oksijin, su farfasa shi kaɗan-kaɗan har ya koma ruwa da iskar kabon da naman jikinsu. Wasunsu ma suna fitar da wani abu mai aikin sabulu wanda ke saki man daga jikin ƙasa don su samu damar cinsa.

To in haka ne, me ya hana su cinye shi tuntuni? Abu uku. Ƙasar ta danƙare, iska ba ta shiga. Mai ya rufe ta, ruwa ba ya shiga. Sannan man cike yake da kabon amma babu naitirojin da fosforas a cikinsa yadda za su isa, kuma ba tare da su ba ƙwayoyin ba sa iya hayayyafa. Aikinka gaba ɗaya, Masta, shi ne ka kai musu waɗannan abubuwa uku. Ba sai ka sayi wani garin ƙwayoyi daga waje ba. A 1989 da jirgin dakon mai na Exxon Valdez ya fashe a Alaska ta ƙasar Amurka, taki aka watsa a wasu sassan gaɓar tekun domin ƙwayoyin da ke wurin tun asali su ƙara ƙaimi, kuma aka ga bambanci. Dabarar ke nan, sai dai mu namu da shebur da baro ne.

Amma tun kafin ka ɗauki shebur ka san iyakar abin. Tsohon baƙin mai ba mai kaɗai ba ne. Ya kwaso ɓurɓushin ƙarfe daga cikin inji: tutiya, tagulla, dalma, wani lokaci kadmiyam. Ƙwayoyin nan ba sa cin ƙarfe. Za su rage man, ƙarfen yana nan inda yake. Wannan magana za ta dawo a kusan kowane mataki, domin ita ce ke raba aikin da aka yi da hankali da wanda zai cutar da mutane.

Fara toshe inda man yake zuba

Babu amfanin gyara ƙasa yau gobe a sake jiƙa ta. Ka ware wuri ɗaya tak na juye a shagonka. In da hali a yi masa daɓen siminti mai ɗan baki a gefe, in babu a sa faffaɗan faranti, ko rabin durom da aka yanka ta tsawo. Durom ɗaya mai murfi na baƙin mai kaɗai, a ƙarƙashin rumfa, da mazurari a kai. Kada a haɗa shi da man birki ko ruwan lagireto ko ruwan batir, don haɗin yana ɓata shi ga masu saye, kuma yana ƙara masa guba. Tsohuwar filta a huda ta a kife a kan faranti ta kwana tana tsiyaya. Buhun dusar katako ya zauna kusa, da zarar mai ya ɗiga a barbaɗa a share.

Wannan mataki a hannun yaran shago yake, ba a hannunka ba. Yaro ya fito daga ƙarƙashin mota da faranti cike, hannunsa na santsi, wani na kiransa ya kawo sifana, kwata kuwa ga ta nan taku biyu. In ba ka zaunar da shi ka ce masa, “Kai, wannan kwatar rafi take zuwa, rafin nan kuwa ta bayan gidajen mutane yake bi,” to kwatar zai zuba, kuma ba mugunta ba ce, abin da ya gani ne. Rafin Aboabo da na Subin sun ishe mu misali. Wasu rafukan ɓangaren arewa maso yammacin gari kuma a madatsar Owabi suke ƙarewa, wadda ita da ta Barekese ke ba Kumasi ruwan famfo. Lita ɗaya ta mai tana iya ɓata ɗanɗanon ruwa lita miliyan. Ga rijiyoyin cikin gidajen Zango, da su ake girki, da su ake alwala.

Man da ka tara a sayar wa masu tarawa. Kada a ƙona shi a fili, kada a zuba a masai ko a kan hanya don kashe ƙura. A 2016 Gana ta kafa dokar sarrafa shara mai haɗari, doka mai lamba 917, kuma hukumar kare muhalli, EPA, tana da ofishi a Kumasi ga wanda wurinsa ke da girma ko ya ga mai ya kai ga ruwan rijiya. Irin wannan ya wuce aikin shebur.

Ka san ƙasarka, ka rarraba ta

Ɗauki diga ka sara a wurare huɗu ko biyar, ka duba zurfin baƙin. A wuri mai yumɓu sau da yawa bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba sai ka tarar da ja. A wuri mai yashi, ko inda aka cike da ɓaraguzai, yakan nutse sosai. Ka haƙa har inda launi da wari suka ƙare, ka ƙara ɗan kaɗan.

Abin da ka haƙo kashi uku ne, kuma kada ka bari su haɗu.

Na farko shi ne ɓawon sama da ƙasar da in ka matse ta a hannu mai ke fitowa tsakanin yatsu. Wannan ta fi ƙarfin ƙwayoyin a yadda take. Idan mai ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin ƙasa yakan zama guba har ga masu cinsa. Ka tara ta a kan kwanon rufi da aka karkata, man da zai tsiyaya ya tsiyaya cikin faranti, sannan ka farfasa ta ka riƙa sa ta kaɗan-kaɗan cikin wadda ba ta kai ta ɓaci ba.

Na biyu ita ce mafi yawa: baƙa ko ruwan toka, tana wari, amma tana marmashewa. Ita ce ta wannan aiki.

Na uku ita ce ƙasar inda ake gyaran batir, ko fasa shi, ko zubar da ruwansa, da inda ake feshin fenti, da inda ake ƙona waya don fitar da tagulla. Wannan kada ta shiga tarin ko kaɗan. Ruwan batir yana kashe ƙwayoyin, dalma kuwa ba ta ruɓewa, kuma ita ce ke taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara ba tare da an ga alama da wuri ba. A zuba ta a durom ko buhuna masu kauri, a rufe, a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa, a nemi shawarar hukuma kan inda za a kai ta.

Kafin ka ci gaba, ɗebi cikin hannu daga wurare daban-daban na kashi na biyu, ka gauraya, ka cika kwalba mai murfi, ka rubuta kwanan wata a jiki. Da ita za ka gwada nan gaba. In ku da yawa ne kuka haɗa kuɗi, ku kai irin wannan samfuri a auna yawan mai da dalma da tsamin ƙasa. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah tana nan cikin gari, Cibiyar Binciken Ƙasar Noma ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Gana, kuma tana Kwadaso, nan ne wuraren fara tambaya.

Tsince ƙusoshi, kwalabe, tsumma, leda da duwatsu. Sa safar hannu da takalmin roba. Tsohon baƙin mai yana da sinadaran da ke jawo cutar daji ta fata ga wanda ya daɗe yana cuɗanya da shi, kuma wasu daga ƙwayoyin nan sukan shiga buɗaɗɗen ciwo. Mai rauni a hannu ya bar wa wani aikin.

Shimfiɗa

Nemi wuri mai ɗan tudu, nesa da rijiya da kwata, inda ruwan sama ba ya kwanciya. Share shi, cire duk abin da zai huda leda, ka shimfiɗa baƙar leda mai kauri ninki biyu ko tsohon tamfol marar huji. Jera bulo a kewaye, ka ɗaga gefen ledar ta hau kansu. Ka ɗan karkata shimfiɗar zuwa kusurwa ɗaya, a nan ka binne bokiti, domin ruwan da ya tsatso ya taru a ciki ka mayar da shi kan tarin. A kan ledar zuba yashi ko dusar katako kaurin yatsa huɗu, don kada bakin shebur ya yage ta. Wuri mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2 zai ɗauki baro goma na ƙasa da kayan haɗinta cikin sauƙi.

Sama kuma tana son rufi: tsohon kwano a kan sanduna, ko tamfol da aka ɗaga yadda iska za ta ratsa ta ƙarƙashi. Kada ka lulluɓe tarin ruf da leda. Ruwan Kumasi ba wasa ba ne, daga Afrilu zuwa Yuli, sannan ya dawo Satumba zuwa Nuwamba. Tarin da aka bari a buɗe a watan Yuni zai koma taɓo, takin ya wanke, man ya bi ruwa zuwa inda kake gudun ya je.

Haɗin

Ga ma'aunin da nake ba da shawarar a fara da shi. A kan baro goma na ƙasa: baro uku na dusar katako ko ɓuntun shinkafa, baro biyu na busasshen kashin kaji, baro ɗaya na baƙar ƙasar lambu ko takin gargajiya da ya ruɓe sarai.

Kowane da aikinsa. Dusar katako tana buɗe ƙasar iska ta shiga, tana riƙe danshi, tana tsotse man da ya yi yawa. A Sokoban, inda masu aikin katako suke, tana nan tuli. Ka fi neman mai ɗan kauri haɗe da askin katako, domin mai laushi ƙwarai takan danƙare, kuma ka guji ta katakon da aka yi wa maganin gara. Kashin kaji shi ne mai naitirojin da fosforas, gidajen kaji kuwa sun kewaye Kumasi. In ba ka samu ba kashin shanu ma yana yi, irin na wajen mahautar Kaase, sai dai bai kai na kaji ƙarfi ba, don haka ka ƙara yawansa zuwa baro uku. Wanda ya kwana biyu ya bushe ya fi ɗanye, ɗanyen yana da zafi da ƙuda. Ƙasar lambu kuma tana kawo wasu ƙwayoyi da fumfuna waɗanda ke ƙarasa abin da na garejin suka fara, don ba nau'i ɗaya ne ke cinye man daga farko har ƙarshe ba, wani ya fasa, wani ya ci abin da aka fasa.

Bari in nuna inda lissafin ya fito, don mai son ya daidaita da nasa wurin. Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kowane kashi 100 na kabon yana son kamar kashi 10 na naitirojin da kashi 1 na fosforas. Baro goma na ƙasa ya kai kimanin kilo 900. In mai kashi 2 ne cikin 100, kilo 18 ke nan, kuma mafi yawan nauyinsa kabon ne, kusan kilo 15. Ana buƙatar naitirojin wajen kilo ɗaya da rabi. Takin yuriya kashi 46 cikin 100 ɗinsa naitirojin ne, wato da shi kaɗai za a dogara sai an sa fiye da kilo uku. Kashin kajin ya ɗauke babban ɓangare na wannan, amma dusar katako ita ma tana cin nata rabon yayin ruɓewa. Shi ya sa nake ƙara kilo ɗaya na yuriya, a raba shi uku: kashi ɗaya ranar haɗi, ɗaya bayan wata guda, ɗaya bayan wata biyu, kullum a narke cikin ruwa. Kada ka juye shi duka rana ɗaya da sunan gaggawa. Taki in ya yi yawa gishiri ne, yana ƙone ƙwayoyin, sauran kuma ya tashi a iska ka ji wari mai yaji a hanci. In NPK 15-15-15 ke hannunka, sa kilo ɗaya nasa ranar haɗi, sauran biyun ka yi da yuriya.

Ƙasar yankinmu tana da tsami, ƙwayoyin kuwa sun fi aiki a tsaka-tsaki, tsakanin 6 da 8 a ma'aunin tsami. Olonka ɗaya, gwangwanin awon kasuwa, na tokar itace da aka tankaɗe ya isa baro goma. A wajen masu waakye da masu koko za ka samu. Ban da tokar taya, ko ta roba, ko ta katakon da aka yi wa fenti. Kuma kada ka zuba toka da yuriya rana ɗaya, bar kwana uku ko huɗu a tsakani, don haɗuwarsu tana korar naitirojin.

Farfasa ƙasar tukun, kada a bar dunƙulen da ya wuce girman goro. Wannan shi ne aikin da ya fi gajiyarwa kuma shi ne aka fi yi wa ha'inci, alhali duk dunƙulen da ka bari cikinsa ba iska, zai zauna da mansa har ƙarshe. Zuba kayan bi da bi, ƙasa, dusa, taki, ƙasa, sannan a juya da shebur sau uku har launi ya zama ɗaya. Baza shi kada tsayinsa ya wuce santimita 30 zuwa 40, ƙasa da gwiwa. Tari mai tsayi yana shaƙe kansa.

Ruwa da juyi

Nan ne aikin yake, nan ne kuma ake gajiya a bari.

Yayyafa ruwa da butar ban ruwa, kana yi kana juyawa. Da farko ƙasar za ta ƙi sha, ka yi haƙuri, dusar ce za ta fara kamawa ta raba mata. Danshin da ake so irin na garin dambu ne kafin a turara: in ka dunƙula ya kama, in ka taɓa da yatsa ya watse, ruwa ba ya ɗiga. In ya ɗiga ka cika, ƙara busasshiyar dusa. In ya ƙi kamawa ƙara ruwa. Ruwan sama ko na rijiya ya fi. In na famfo ne a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti maganin ya fita. Kada ka sa omo ko fetur ko kananzir da tunanin za su narka man, za su dai tura shi ƙasa su kashe ƙwayoyin.

A watan farko a juya sau biyu a mako, bayan haka sau ɗaya. Juyi na gaskiya: na ƙasa ya dawo sama, na gefe ya shiga tsakiya. Mutum biyu da shebur da manjagara rabin awa ya ishe su. Ka sa rana, misali safiyar Litinin da Alhamis kafin motoci su fara shigowa, ka ɗora wa yaro ɗaya alhakin, ka ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar juyi, ruwan da aka sa, da yadda warin yake. Abin da kowa ke da alhakinsa a gareji ba mai yinsa.

Cikin kwana uku zuwa mako guda, tura hannu da safa cikin tsakiyar tarin. Za ka ji ɗumi. Da sassafe in ka sara shebur wani lokaci har ɗan tururi za ka gani yana tashi, a jikin askin katakon kuma farin zare-zare ya fara yaɗuwa. Fumfuna ce, alheri ce, kada ka kankare. Ɗumin nan numfashin ƙwayoyin ne, alamar sun kama aiki. Mafi yawansa daga ruɓewar taki da dusa yake fitowa, don haka in ya sauka bayan makonni kaɗan ba yana nufin man ya ƙare ba. Zafin garinmu ma ya dace da su, sun fi sauri tsakanin digiri 25 zuwa 35. In tarin ya yi zafin da hannu ba ya iya zama ciki, baza shi ya sha iska.

Hanci zai gaya maka sauran. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwa ya yi yawa iska ta ƙare: buɗe tarin, ƙara dusa, juya kwana uku a jere. Wari mai yaji irin na tsohon fitsari, taki ne ya yi yawa: ƙara dusa, ka tsallake zubin yuriya na gaba. In kuwa mako biyu sun wuce babu ɗumi babu canji, ko dai ya bushe, ko man ya yi yawa, ko ƙasar batir ta shiga. Biyun farko suna da magani, a ƙara ruwa, a sirka da ƙasar lambu da taki. Na ukun ba shi da shi, sai a haɗa tarin da kashi na uku.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana busar da tari cikin kwana biyu. A lokacin ka rufe saman da buhunan algarara da aka jiƙa ko busasshiyar ciyawa, ka duba danshi kowace safiya. Kada a juya busasshen tari ƙura na tashi, a jiƙa tukun, don ƙurar tana ɗauke da dalma zuwa huhu da cikin kwanon abincin da ake sayarwa a gefe. In aka bar ni in zaɓa, ƙarshen ƙaramar damina ne lokacin farawa mafi sauƙi ga wanda ba shi da rufi mai kyau, wanda ke da rufi kuwa kowane wata ya yi masa.

Tsawon lokaci ya danganta da irin man. Dizal da kananzir suna saurin tafiya, cikin makonni za ka ji warinsu ya ragu. Baƙin mai da giris masu nauyi ne, ka sa ran wata uku zuwa shida, wuri mai tsohon ɓaci kuma ya fi haka. Raguwar tana da sauri a farko sannan ta ja jiki, domin abin da ya rage shi ne mai taurin kai wanda ya maƙale cikin yumɓu. Duk wanda ya ce maka zai gama maka cikin mako biyu rufe baƙin kawai zai yi.

Yadda za ka gane an kai

Launi ba hujja ba ne, don taki ma baƙi ne. Yi gwaji uku, kowane ka kwatanta da kwalbar da ka ajiye tun farko.

Zuba cokali biyu na ƙasar a kwalbar ruwa, girgiza, bar ta ta kwanta. Duba saman ruwan a hasken rana. Ta farko za ta nuna kyalli mai launi-launi, wadda ta gyaru ba za ta nuna ba, ko ta nuna kaɗan ƙwarai. Sannan busar da kaɗan a inuwa, danna ta tsakanin farar takarda biyu da bulo a kai ta kwana, ka duba tabon maiƙo.

Na uku shi na fi yarda da shi. Cika roba uku masu huji: ɗaya da ƙasar tarin, ɗaya da ƙasar lambu mai kyau, ɗaya da ragowar ta farko. Shuka ƙwayar masara ko wake ashirin a kowace, iri ɗaya, ruwa ɗaya, wuri ɗaya. Bayan kwana goma ƙirga waɗanda suka tsiro, ka tuge ka duba saiwa. In na tarin sun kusa kamo na lambu a yawa da tsawon saiwa, fari tas ba ƙonanne ba, an yi nisa. In sun tsiro sun tsaya ganye na rawaya, a ci gaba da juyi wata guda a sake gwadawa. Ka kuma sa tana, tsutsar ƙasa, biyar ko shida a wani gefe mai danshi, in bayan mako suna nan da rai ba su gudu ba, wannan ma shaida ce. Tsiron gwajin a mayar da shi cikin tarin, kada a jefa wa akuya ko kaji.

Ga wanda zai sayar da fili ko zai gina gida a kai, waɗannan gwaje-gwaje ba su isa ba, sai an koma ɗakin awo an auna mai da dalma.

Ina za a kai ƙasar

Ba gona ba, ba lambun alayyafo ko kontomire, wato ganyen gwaza, ba, ba filin da yara ke wasa ba, ko da masarar gwaji ta yi kyau. Shuka tana iya yin kore shar a ƙasar da ke da dalma. Wurinta shi ne ramin da aka haƙo ta, a cikin garejin. Mayar da ita, daddaɓe, sa tsakuwa a inda motoci ke tsayawa. A gefen shinge da bakin kwata dasa ciyawar jema: saiwarta tana nitsewa ƙasa sosai, tana riƙe ƙasar kada ruwa ya kwashe ta, kuma ƙwayoyin da ke zaune a jikin saiwa suna ci gaba da cin ragowar man. In ta yi tsawo a yanka a bar ta a wurin, ba ta dabbobi ba ce.

Kada ka mayar da duka. Ware baro ɗaya ko biyu daga tarin da ya gama, ka ajiye da ɗan danshi a inuwa. Ƙwayoyin cikinsa sun riga sun saba da irin man shagonka, kuma sun yi yawa. Sa shi a madadin ƙasar lambu a tari na biyu, zai fi na farko saurin kamawa. Dusar da yara ke share ɗigon mai da ita kullum ita ma a nan za ta riƙa shiga, kaɗan-kaɗan, ranar juyi, maimakon wuta ko bola.

A layin da shaguna suka matsu babu wurin shimfiɗa, mastoci huɗu ko biyar su haɗu su nemi kusurwa ɗaya a bayan layi, su raba kuɗin leda da na aboboyar da za ta kawo dusa da taki, yaran shagunan su riƙa karɓa-karɓar juyi mako-mako. A yi shimfiɗa biyu gefe da gefe, ɗaya tana karɓar sabuwar ƙasa, ɗaya an rufe ta ba a ƙara mata komai sai ruwa da juyi har ta gama.